Kafin ka sayi tab don karatu, tafi shagon da littafinka

Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, tun kafin a haife ni yake karantar da ɗalibai a zaurensa can cikin garin Sakkwato kusa da Hubbare, bayan La'asar manya su zo da littattafansu na fiƙihu da nahawu kowa ya biya nashi ya tashi. Shekara biyu da suka wuce ido ya fara ba shi matsala, an yi tabarau an sake wani, manyan baƙi yana gani lafiya lau amma ƙananan nan na sharhi da ake jerawa a gefen shafi da ƙasansa, waɗanda ko mai lafiyar ido sai ya matso da littafin kusa da hanci, su kam sun gagare shi. Wata rana na je gaishe shi na iske ya riƙe littafi ya karkata wajen ƙofa yana neman haske, jikansa ɗan shekara goma sha biyu na gefe yana ƙoƙarin karanta mashi yana ta tuntuɓe. Da yaron ya fita sai ya ce mani, "Ɗana, baƙin ga na gehe ba ni ganinai yanzu, abin da nih hardace ɗai ni ka hwaɗa ma ɗalibbai." Wallahi har na hau kabu-kabu na koma Mabera maganar nan ba ta bar raina ba. Mutumin da ya kwashe sama da shekara arba'in kansa cikin littafi.

A nan tunanin tabulet ya zo mani, ko tab yadda muke ce mata, tunda ita ka sa yatsa biyu ka buɗa rubutu ya ƙara girma. Kuma ba Kawu kaɗai ba, ƙanwata da ke Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ta daɗe tana mita, handawut duk a WhatsApp ake turo masu yanzu, ga ta da karatun nobel na Hausa har tsakar dare a 'yar waya, da safe ido jawur. Ni ma ina da nawa tarin fayil da na sauke ban karanta ba. Sai na ce ai abu ɗaya ne, a samo mai araha kawai kowa ya huta.

To ba abu ɗaya ba ne, kuma sai da kuɗina suka ƙone sannan na gane.

Na ga wani yana talla a intanet, tab inci 10, a jikin kwali an rubuta ram, wato abin da ke ba na'ura saurin aiki, giga 16, memori na ajiyar fayil giga 512, layi biyu, ga kyautar kibod da biro da linzami da jaka, kuɗinta kuma bai kai na ƙaramar waya mai kyau ba. Sunan da ke jikinta ban taɓa jin shi ba kuma har yau ban sake ganin shi ko'ina ba. Na tura kuɗi aka sako ta a mota na je tasha na karɓa. Daren farko na buɗe mata littafin Kawu, shafi ɗaya sai ta yi ta tunani kafin ta nuna, da ta nuna kuma wasulla da ɗigo duk sun cakuɗe, ba ka bambance haruffan ba da ya da ta sai ka buɗa sosai. Na fara zuba mata littattafai, ban kai giga 30 ba ta ce wuri ya cika. Wani abokina ya sa mata manhajar da ke duba kayan cikin na'ura, ashe ram ɗin gaskiya giga 2 ne, sun dai gyara rubutun saitin ne ya riƙa nuna ƙarya. Da zafin Afrilu ya shigo bayanta ya kumbura har sikirin ya fara ɗagowa daga gefe. Na kai wa mai gyara ya juya ta ya juya ya ce, "Malam wagga ba ta da gyara, ko batirin nata ba ka samu nai garin ga, kai haƙuri." Wata huɗu ta yi. Abin da ya fi ƙona mani rai ba kuɗin ba ne, na riga na ce wa Kawu ga ta nan tafe.

Bayan nan na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na tambayi kaina shin mi kowa cikinmu yake karantawa. Don littafin cikin na'ura kala biyu ne kuma ba su haɗa hanya ba. Akwai wanda rubutu ne zalla, irin EPUB ko nobel ɗin da ake turowa a fayil ɗin Word ko wanda ake karantawa a Wattpad, shi wannan kamar ruwa yake, duk mazubin da ka zuba shi zai bi, ka ƙara girman baƙi layuka su sake jeruwa da kansu, ko a inci 6 ka karanta shi cikin kwanciyar hankali. Sannan akwai PDF ɗin da hoton shafi ne aka ɗauka, wanda shi ne yawancin littattafan Larabci da malamanmu ke yawo da su da kuma handawut ɗin makaranta, shi kam allo ne, yadda aka yanka shi haka yake, ba ya lanƙwasuwa. In sikirin ya yi mashi kaɗan sai dai a matse shafin duka ya ƙanƙance, ko ka buɗa ka riƙa jan shi dama da hagu a kowane layi, kuma duk wanda ya taɓa karatu haka ya san ba a shafi biyar ba ka gaji ba.

Har rula na ɗauka na je zauren Kawu. Yawancin littattafansa bugun Misira da Bairut tsawonsu santimita 24 ne faɗi 17. Sikirin mai inci 8 kuwa bai wuce santimita 17 da ɗan ɗori a tsaye ba, faɗi kusan 11, ka ga ke nan an rage shafin da kusan kashi ɗaya cikin uku tun kafin a fara, mutumin da ainihin girman ma ya gagare shi. Mai inci 11 tana ba ka kusan santimita 24 a tsaye, faɗi kusan 15, in ka sa manhaja ta yanke farin gefen takarda, ReadEra da Librera duk suna yin haka, shafin zai fito daidai da na littafin ko ma ya ɗara. In kuma ka kwantar da ita a gicciye sai rabin shafi ya cika fuskar gaba ɗaya, baƙi ya yi ɓaro-ɓaro. Handawut na takardar A4 ya fi haka girma ma, daga kusurwa zuwa kusurwa inci 14 ne da ɗan wani abu, sai dai shi rubutunsa manya ne don haka yana jure matsewa.

Amma fa girma kaɗai ba ya isa, nan ne tab ɗina ta farko ta cuce ni, ai ita ma inci 10 ce. Hoton sikirin ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera, abin dubawa shi ne ɗigo nawa ke cikin kowane inci. Da yawa cikin masu arahar nan na inci 10 ɗigonsu 1280 ne sau 800, in ka raba bai wuce 150 a inci ba, alhali wannan adadin dai in aka zuba shi a inci 8 yana kai 189, wato ƙaramar ta fi babbar fitar da rubutu tas. Mai 1920 sau 1200 a inci 10.1 tana da 224, a inci 11 kuma wajen 206. Ga mai kallon fim bambancin ba wani abu ba ne, amma ga wanda ɗigo ɗaya ke canja mashi ma'anar kalma, fatha ta zama kamar damma, wannan lambar ta fi duk sauran lambobin kwalin muhimmanci. Ni dai yanzu duk tab ɗin da ta kai inci 10 ba ta kai 1920 ba, ba na ko tsayawa taya ta.

Sai na fara zagayen shaguna, nan titin Emir Yahaya da wajen babbar kasuwa, ina tambaya ina taɓawa. Waɗanda aka fi tura mani da farko su ne na Amazon, Fire, Landan yus wato na hannu, don su ne suka fi araha cikin masu suna. Su dama tun asali don wannan aka yi su, a 2011 kamfanin ya fito da Kindle Fire ta farko a dala 199 lokacin da iPad mafi araha take dala 499, dabararsu su sayar maka da na'urar da sauƙi kai kuma ka riƙa sayen littafi da fim a shagonsu. Fire 7 ta 2022 dala 60 aka fara sayar da ita sabuwa a Amurka, ram giga 2, sikirin 1024 sau 600, ba ta da nauyi ko kaɗan, ga nobel ba laifi amma PDF kam kar ma a fara. Fire HD 8 ta fi ta, 1280 sau 800. Fire HD 10 ita ce ta ja hankalina sosai don tana da 1920 sau 1200 ɗin nan da nake nema, kuma jikinsu roba ce mai ƙwari tana jure hannun yara. Abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya biya, ba su zuwa da Play Store, nasu shagon manhaja gare su daban, kuma ba duk abin da muka saba da shi ke ciki ba. Yaran shago suna iya sa maka Play Store ta bayan gida kuma tana aiki, amma ranar da wani abu ya rikice sai ka koma wurinsu. Ba su da wurin layi, sai wayfay ko hotsifot. Mafi arahar cikinsu kuma suna nuna talla a fuska in an kulle, wani lokaci hoton bangon littafi ko fim da ba za ka so ya bayyana a zauren malami gaban ɗalibai ba. Wannan na ƙarshen shi ya sa na cire ta daga lissafin Kawu, ko da yake da ni kaɗai ne zan iya zama da ita.

Ɓangaren Android na sosai kuma akwai ƙanana akwai manya. Cikin ƙananan na riƙe Samsung Galaxy Tab A9 wadda ta fito a 2023, inci 8.7, ram giga 4, memori 64, batiri 5100, kuma akwai mai shan layi. Yayarta A7 Lite ta 2021 tana nan da yawa a na hannu, girman fuskarsu ɗaya sai dai ta fi ta sanyin jiki wajen buɗe babban fayil. Lenovo Tab M8 ma tana wannan sahun, inci 8. Cikin manyan akwai Redmi Pad SE ta 2023, inci 11, 1920 sau 1200, batiri 8000, ba ta shan layi, sai Infinix Xpad ta 2024 ita ma inci 11 da batiri 7000, ita akwai mai layi. Tecno da itel su ma sun shigo harkar, kuma abin da nake yaba masu shi ne masu gyaranmu sun san cikinsu, in sikirin ya fashe ba sai an jira wata biyu ba. Farashi ban rubuta ba da gangan, tun da aka saki Naira a tsakiyar 2023 abin da aka faɗa maka yau ba shi za ka iske sati mai zuwa ba.

Wani abu da zan ja kunne a kai, in ka ga an rubuta ram 4+4 ko 8+8, lambar farko ita ce ta gaskiya, ta biyun aro ne ake yi daga memori kuma ba ta da saurin ta ainihi. Don karatu giga 4 ta wadatar har da saura, giga 3 ana lallaɓawa, giga 2 kuwa littafi mai mujalladi da yawa zai wahalar da kai. Memori kuma kar ya tsorata ka, nobel ɗaya sau da yawa ko mega ɗaya bai kai ba, manyan PDF na hoto ne ke cin wuri, kuma duk waɗannan da na lissafa suna da ramin katin memori. Ka dai sayi katin a wurin wanda ka yarda da shi don jabu sun yi yawa.

Akwai wani malamin makaranta abokin aikina da ya dage sai dai in sayi Kindle ta ainihi, mai fuskar nan kamar takarda, har ya ara mani tashi na yi sati da ita. Gaskiya na so ta. Ita ba fitila ce ke haska idonka daga baya ba, wasu 'yan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a cikin fuskar da wuta ke juyawa su zama rubutu, da sun zauna sun zauna, ba ta cin caji sosai sai za ka juya shafi, shi ya sa take yin makonni ba a caja ba. Na fita da ita tsakar gida da azahar rana tsaka, inda waya ke zama baƙi ƙirin ba ka ganin komai, ita sai ma ƙara fitowa ta yi. Ƙaramar ta 2022 inci 6 ce, ɗigo 300 a inci, nauyinta giram 158, ka riƙe da hannu ɗaya kana kwance har barci ya ɗauke ka. Ga garin da wuta ke zuwa ta koma yadda tamu take yi, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Amma da na sa mata littafin Kawu sai abin ya zama wahala, shafin ya koma kamar tambarin wasiƙa, in ka buɗa sai ta yi walƙiya ta tsaya ta sake zana shafin. Ba ta kuma buɗe WhatsApp balle ƙanwata ta ɗauko handawut kai tsaye. Akwai masu irin wannan fuskar manya na inci 10 da ke da Android, irin su Boox, amma kuɗinsu ya fita daga zancen araha. Don haka Kindle ta mai karanta rubutu zalla ce, shi kam bai da abin da ya fi ta.

Tunda na ambaci rubutu zalla bari in ɗan ratse. Littafin Hausa da aka rubuta da ƙa'ida, mai ƙ da ɗ da ɓ, wani salon rubutun na'ura ba ya da waɗannan haruffan, sai ka ga ɗan akwati a madadinsu ko harafin ya fito wani iri daban da 'yan uwansa. Ba lalacewa na'urar ta yi ba, ka shiga saitin manhajar ka canja salon, Moon+ Reader da Librera duk suna bari, irin su Noto suna da haruffanmu cif. Sannan don Allah, marubutan nan mata da maza da ke sayar da littafinsu 'yan ɗaruruwan Naira, a riƙa biyansu. Na ga yadda ake tura littafin kuɗi cikin guruf mutum ɗari biyu su karanta a kan kuɗin mutum ɗaya, baiwar Allah ta hana idonta barci ta rubuta. Wanda ya iya tara kuɗin tab ba zai rasa wannan ba. Na faɗa wa ƙanwata wannan tun kafin in miƙa mata tata.

Sai kuma abin da kwali ba zai taɓa gaya maka ba don ba a Sakkwato aka buga shi ba. Zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni na haura 40 nan garin sau da yawa, batirin waɗannan na'urori kuwa an yi shi ne ya yi aiki a ƙasa da 35, zafi na cin ransa a hankali ko ba ka amfani da shi. Kar a bar ta cikin mota ko but ɗin mashin, kar a caja ta a kan katifa ko ƙarƙashin filo, kar a riƙa karatu tana jone da rana tsaka, in da hali a caja da dare ko da asuba a kan siminti. In kana kai caji shago ka kai da cajarka, kuma ka zaɓi tab mai bakin Taif-C don yanzu ita ce a hannun kowa, tsofaffin na hannu da yawa ƙaramin bakin nan na da gare su mai saurin sakwarkwacewa. Lokacin hunturu ƙura na cika ramin caji har ka ɗauka ya lalace, jaka mai murfi da gilashin kariya ba ado ba ne, cikin kuɗin sayen za ka lissafa su. Batun layi kuma, gidajenmu nawa ke da wayfay? Ga wanda littattafansa za a zuba mashi sau ɗaya da Xender ko katin memori, layi bai dame shi ba, rashin shi ma alheri ne. Ga ɗalibar da kullum ana turo sabon abu kuwa, kunna hotsifot kullum yana cinye cajin waya, gara mai layin.

Ranar da na koma saye da gaske na tafi da fayil uku a wayata, littafin Kawu wanda ya fi kowane ƙananan baƙi da dishi-dishi, handawut ɗin ƙanwata da aka ɗauka a karkace, da nobel ɗaya. Na ce wa mai shagon ba zan biya ba sai an tura su ciki na gani. Ya ɗan yi jim ya ce, "Alhaji ai sabuwa ta dal, ba a buɗe kwali sai an biya." Na ce to a kawo ta gwaji ko ta wani yaron shago, in babu in ƙara gaba. Sai ga shi an fito da ita. Na buɗe shafi na ɗari uku da wani abu, na juya shafi ashirin da sauri in ga ko za ta tsaya tunani, na buɗa sharhin gefe, na rage haske har ƙasa don in ga yadda za ta yi da dare tunda wasu ko an kai su ƙarshe suna kashe ido, sannan na fita bakin ƙofa na ƙure hasken in ga ko ana gani a waje. Na karkata ta gefe kuma, don ɗalibi zai leƙo daga gefen malam, mai arahar sikirin da ka karkata sai launi ya juye. Duka bai fi minti goma ba. In ta hannu ce ka ƙara da cewa a goge ta gabanka a sake kunnawa, don in akwai akawun ɗin mai ita na farko a ciki za ta kulle ta nemi kalmar sirrinsa, kai kuma ba ka san shi ba balle ka nemo shi. Ka dubi bayanta a kan tebur ko ta yi ciki.

Kawu na ɗaukar mashi Redmi ɗin nan mai inci 11, ni da yayanmu da ke Abuja muka haɗa kuɗin. Nauyinta ya kusa rabin kilo, ba ta riƙo da hannu ɗaya ba ce, amma shi dama ba ya riƙe littafi a hannu, kan ɗan katakon nan da ake ɗora Alƙur'ani yake ɗorawa, ita ma nan ta zauna daram. Ƙanwata sai bayan wata uku da na kwashi adashe na sayo mata A9 mai layi, tana shiga jakarta, giram ɗari uku da 'yan kai, handawut tana kwantar da ita a gicciye ta karanta. Da ta karɓa cewa ta yi, "Yaya Allah shi saka da alheri, amma kak ka ce ba ni sa TikTok ciki." Na ce ki bar shi a waya, wannan ta karatu ce, in kika sa shi wallahi karatun ya tafi. Mun yi ta ja, a ƙarshe ta yarda WhatsApp kaɗai saboda guruf ɗin aji. Ni kuwa har yanzu ban sayi tawa ba, raina na kan Kindle ta hannu tunda nawa karatun yawanci rubutu zalla ne, ina jiran wani zagayen adashen.

Tab ɗin Kawu na cire mata duk wani tarkace daga fuska, na bar manhaja uku kacal, ta buɗe PDF, ta Alƙur'ani, sai Shamila, wannan rumbun littattafan Larabcin da ɗaliban ilimi suka sani. Na ɗauka Shamila zai fi so tunda ita rubutu ne zalla, ka ƙara girman baƙi yadda ka ga dama kuma ka nemo kalma cikin daƙiƙa. Ashe a'a. Ya gwada kwana biyu ya ce in mayar mashi da mai hoton, wai shi ya san mas'ala kaza tana saman shafi na dama, bayan baitin nan, idonsa ya san wurin tun yana saurayi, in aka sake jera layukan sai ya ji kamar an kai shi gidan da bai sani ba. Don haka sai da na bi na nemo mashi bugu iri ɗaya da na kan kantarsa, wani na samu wani na ɗauka da kaina shafi-shafi. Kwana uku na yi ina zuwa bayan Magariba ina koya mashi buɗawa da yatsa biyu, da farko yana dannawa da ƙarfi kamar mai sa hannu a takardar zaɓe, fatar yatsunsa ta bushe sikirin ba ya ji sosai, sai da muka samo ɗan biron roba. Rana ta huɗu na iske shi da ɗalibi gabansa, littafin takarda buɗe a cinyarsa yadda ya saba, tab ɗin na kan katako a gefe, da aka zo sharhi ya juya ya buɗa ya karanto layi huɗu bai tsaya ba, ya ɗago ya ci gaba da fassara. Bai ko dube ni ba, ni ma ban ce komai ba na samu gefen tabarma na zauna.

Da aka tashi ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar gafaka ta fata, ya kwance igiyar a hankali. Takardu ne warwara ba ɗinki, rubutun hannun mahaifinsa, kakanmu, da tawadar gargajiya baƙa da ja, waƙoƙin wa'azi na ajami da wasu 'yan bayanai da ya kwafa wurin malamansa, gefen wasu gara ta taɓa, wasu tawadar ta fara cin takardar. Ya ce, "Waɗanga ma suna shiga ciki?" Na ce suna shiga Kawu, sai dai kyamarar tab ɗin ba ta da kyau, da waya zan ɗauka in turo. Ya ce to in zo ran Asabar da hantsi lokacin da haske ke shigowa zauren, kuma in wanke hannu kafin in taɓa. Mun yi Asabar uku yanzu, mun kai warƙa 64, shi ke miƙo mani ɗaya-ɗaya yana gaya mani wadda ke bin wata don ba lamba a jikinsu, kalmar farkon shafi na gaba kawai aka rubuta a ƙasan kowane.